Cenning Ba Ta Sauka Ƙasa

Da kunnenta Sanatang ta ji abin da likitan ya faɗa, kuma bai yi wani kwana-kwana ba wajen faɗarsa.

A wani babban asibiti ne a Makassar, ɗakin da ake ɗora masu ciwon zuciya a kan keken da ba ya zuwa ko'ina. An manna wa ƙanwarta Cenning wayoyi a ƙirji, an rufe mata baki da hanci da roba, aka ce ta yi ta tuƙi. Ba a je ko'ina ba ta ɗaga hannu. Da aka sauko da ita tana haki, likitan ya jawo kujera ya zauna a gabansu su biyu.

"Gyaran da aka yi miki kina ƙarama yana nan lafiya lau," ya ce wa Cenning. "Ba zuciyar ce ta gaza yau ba, ƙafafun ne. Wane aiki kike yi a gida?"

"Ina zama da Nene, kakarmu."

"Kasuwa fa? Masallaci? Bakin tafki?"

Cenning ta dubi yayarta. Sanatang ta ce, "Gidanmu a kan ginshiƙai yake, kuma ba ta sauka ƙasa, Likita. Mama ba ta bari. Ko nan za mu zo, mijina ne ke goya ta daga tsani zuwa mota."

Likitan ya cire tabarau ya murza idanunsa kamar wanda ya gaji da jin magana ɗaya daga bakuna daban-daban.

"Ku saurare ni da kyau. Wanda aka yi wa irin wannan aiki ba zai yi tsere da 'yan ƙwallo ba, ban ce zai yi ba. Kuma in shekaru suka ja, ƙarfinsa ya fi na sauran mutane saurin zubewa. Shi ya sa abin da za ta tara, yanzu ne za ta tara shi, tun tana da ƙuruciya. Ta sauka kullum. Ta yi tafiya har ta ji numfashinta ya ɗan ɗaga, ta huta, ta ƙara. In kuka ci gaba da ajiye ta kamar kwanon ado, wata rana ko banɗaki sai an kai ta." Ya juya ga Sanatang. "Malama, ke ce babba. Ki faɗa wa mahaifiyarku haka, da sunana."

"Zan faɗa mata," in ji Sanatang.

A motar komawa Cenning ba ta yi barci ba, ita da kullum take langaɓewa tun kafin a fita gari. Shekarunta ashirin da 'yan kai, amma surutu take yi kamar yarinyar da aka yi wa alkawarin sabon takalmi. Za ta fara da bishiyar rimin da ke kwanar masallaci. Daga nan rumfar masu rina zare. In ta ƙware, har bakin tafki inda kwale-kwale ke tsayawa, wanda duk rayuwarta ta taga take hangensa.

Sanatang tana ta gyaɗa kai, amma hankalinta yana kan Nene.

Nene kakarsu ce, uwar Mama, ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta juyawa sai an juya ta, ba ta ci sai an ba ta, kuma in ta buɗe ido ba ta ga mutum ba sai ta dinga kuka kamar jaririya. Dole a samu wanda zai zauna da ita a sama daga safe har dare. Mama da Sanatang suna ƙasan gida, tsakanin ginshiƙai, kowacce a kan masaƙarta tana saƙa zanen siliki. Beddu, mijin Sanatang, yana tafki da komarsa. Ranar kasuwa Sanatang ce ke ɗaukar zannuwan zuwa garin Sengkang, kuma nan ne kaɗai take jin ita ma mutum ce: ta yi ciniki, ta sha shayi da ƙawaye, ta yi dariya da ƙarfi ba wanda zai ce ta tashi Nene. Babu wanda ya taɓa zama ya raba aikin nan. Cenning ba ta sauka, Nene ba ta tashi, sai abin ya haɗa kansa.

Mama Rawe tana zaune a saman tsani suka iso. Tun Beddu bai gama sauke Cenning daga bayansa ba ta fara.

"Mama, likita ya ce in dinga sauka! Ya ce in yi tafiya kullum, wai zaman ne ke cinye ni!"

Fuskar Mama ta canza. Ba ta ko dubi mai maganar ba, babbar 'yarta ta duba.

"Haka ya ce?"

Sanatang ta sunkuya tana kwance ƙullin kaya. Ta ji amsar gaskiya a bakinta, a shirye. Sai ta ji wata daban ta fito.

"Ya ce dai a kula da ita. Kin san likitoci da yawan magana. Keke suka ɗora ta, Mama, ba ta jima ba ta ɗaga hannu, sai da aka riƙo ta. Ya ce ƙarfin irinsu yana saurin zubewa."

"Daeng!" Cenning ta ce. Haka take kiran yayarta tun tana koyon magana. "Daeng, kina wurin fa. Kin ji shi."

"Na ji, Ndi, ƙanwata. Abin da na ji nake faɗa."

"Keke!" Mama ta dafe ƙirji. "Yarinyar da aka tsaga kamar kifi aka ɗinke, ita za a ɗora wa keke? Shige ciki ki kwanta. Ji yadda leɓenki ya bushe."

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a abin da Sanatang ta faɗa, kuma da wannan ta yi ta lallashin kanta kwana da kwanaki. Amma ta san abin da ta yi. Duk wanda ya taɓa saƙa ya san da zare ɗaya ake fitar da zane biyu da ba su yi kama ba.

Mu mutanen bakin tafki mun iya kula da mara lafiya. Muna iya kula da shi har ya rasa yadda zai yi da kansa, kuma maƙwabta su yaba mana. Mama Rawe ba muguwa ba ce. Ita ce ta riƙe Cenning tana jaririya tana shuɗewa a hannunta, leɓe da farce kamar an tsoma a baba, har Allah ya kawo tiyatar da aka yi mata tana 'yar shekara shida. Tun daga ranar Mama ta ɗauka a ranta cewa ɗinki ne a cikin ƙirjin nan, kuma ɗinki in an ja shi yana tsinkewa. Da wannan ta hana ta makaranta, ta hana ta wasa, ta hana ta shara. Abin da ba ta taɓa hana ta ba shi ne ɗaga Nene.

Cenning da kanta ta faɗa, ranar da Sanatang ta hau kai mata zaren da za ta naɗa a kwarkwaro. Ta same ta ta tallafo Nene ta ƙarƙashin hammata tana jan ta zuwa kan fo, jijiyar wuyanta ta fito.

"Daeng, in tambaye ki mana. Ɗaga Nene ba ya tsinka ɗinki, sai tafiya zuwa rimi?"

"Kar ki fara."

"Ba faɗa nake yi ba. Ki faɗa wa Mama gaskiya kawai. Ni ba ta yarda da ni, gani take yi har yanzu ni ce mai shuɗewar nan."

"Ki bari azumi ya wuce. Kin san ba ta son tashin hankali tana azumi."

Azumi ya wuce. Sanatang ta ce a bari ruwa ya janye, ai yanzu ko'ina taɓo ne, ina za ta taka? Ruwa ya janye. Ta ce a bari a gama zannuwan bikin gidan Hajji Nurung, hannu ba ya isa. Kowane uzuri da ta kawo gaskiya ne a lokacinsa, kuma kowanne yana da ƙani a bayansa yana jiran layi. Akwai wanda ba ta taɓa furtawa ba ko a cikin sujada: a bari Nene ta rasu.

Da Cenning ta ga ba sauka, sai ta fara tafiyarta a cikin gida. Daga ƙofar gaba zuwa madafa, daga madafa zuwa ƙofar gaba, a kan yatsun ƙafa don kada a ji. Amma gidan katako ba ya riƙe sirri. Wanda ke ƙasa yana jin kowane taku a saman kansa, har ƙura na zubo masa ta tsakanin katakai. Mama ta tsayar da ƙoshiya ta ɗaga kai.

"Me take nema haka?"

"Wataƙila ruwa take ɗebo wa Nene," in ji Sanatang.

"Ruwan tafki gaba ɗaya?"

Mama ta ɗauki gorar da ake korar kaji da ita ta dinga dukan katakon daga ƙasa. "Cenning! Zauna! So kike ki kashe ni? In kin faɗi wa zai kai ki Makassar kafin ki cika?"

Takun ya tsaya. Washegari ya dawo, gorar ma ta dawo. Wurin cin abinci Beddu ya mayar da abin wasa, shi da komai wasa ne a wurinsa.

"An ce min mun samu soja a gida, yana fareti. Ndi, ki rufa mana asiri. Ke kina sama a inuwa, ana kawo miki shinkafa da kifi har gabanki, mu muna tafki rana na gasa mu kamar busasshen kifi. Wallahi a yi musaya, ni a tsaga ni in kwanta."

"A yi musayar, Daeng Beddu," Cenning ta ce. "Yau ma in ka shirya."

Kowa ya yi dariya ban da Sanatang.

Lokacin komawa asibiti ya zo, Mama ta ce ba inda za a sake kai mata 'ya a ɗora ta a keke. Sanatang ba ta yi musu ba. A gaskiya ma wani sanyi ta ji, domin ta san tambayar farko da likitan zai yi mata.

A hankali takun ya fara raguwa. Da safe kawai, sannan wasu safiyoyin, sannan ya ɗauke. Mama ta ce alhamdulillahi, yarinya ta yi hankali. Sanatang kuwa shirun nan ya fi dukan gorar damunta. Tana saƙa kunnenta yana sama, tana jiran katako ya yi ƙara ko sau ɗaya, har ta dinga tsallake zare tana warwarewa. Ta sayo wa Cenning kallabi mai tsada daga Sengkang. Ta sayo mata man gashi, ta sayo mata 'yar rediyo. Cenning ta karɓi kowanne ta ce, "Na gode, Daeng," ta ajiye a gefen katifa. Ba ta ƙara tayar da maganar likita ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Damina ta sake zagayowa. Cenning ta fara salla a zaune, ta ce in ta yi ruku'u ta ɗago sai ɗakin ya juya. Ƙaurinta ya tsotse kamar na yaro, jikinta na sama ya yi nauyi. Daga madafa zuwa shimfiɗar Nene sai ta dafa bango ta tsaya a tsakiya. In za ta juya Nene yanzu sai ta durƙusa ta tura da kafaɗa, ta daɗe kanta a kan katifar tana mayar da numfashi.

"Kin gani ko?" Mama ta ce wa Sanatang a hankali. "A zaune ma ga yadda take. Da na biye mata ta sauka, da yanzu mun yi sadakar arba'in."

Sanatang ta koma kan masaƙarta. Ta ce, "Allah dai ya ba ta lafiya."

Ambaliyar shekarar ta cinye gaɓar da gidan yake kai, har ginshiƙan baya suka fara karkata. Aka yi shawara a ɗauke gidan a mayar da shi filin marigayi babansu, can tudu bayan masallaci. Liman ya sanar ranar Juma'a, kuma ana idar da salla maza suka taho da gorori a kafaɗa, na ƙauyenmu da na ƙauyukan maƙwabta. Tun safe an sauke kabad da tukwane da duk abin da zai fashe. An ɗaure gorori a tsakanin ginshiƙai, tsaye da kwance. Mata sun cika faranti da wainar shinkafa mai kwakwa da sukari, shayi na zagayawa, tukunyar miyar nama na tafasa don bayan an gama.

Puang Massi, dattijon da ke ba da umarnin ɗagawa a duk yankin, ya zagaya gidan yana taɓa kowane ɗauri. Aka sauko da Nene a kan tabarma aka kwantar a inuwa. Dattijon ya ɗaga kai ya ga fuska a taga.

"Waccan fa?"

"Ba ta da nauyi, Puang," Mama ta ce. "A bar ta a ciki, za ta riƙe ginshiƙin tsakiya."

"Ni ba na ɗaga gida da rai a ciki. In ya karkata wa za a tambaya? A sauko da ita."

Beddu ya hau ya goyo ta, ya zaunar da ita a benci kusa da mata. Yara suka tsaya suna kallonta. Da yawansu sun san muryarta, ba su taɓa ganin ƙafafunta ba. Tana ta ƙifta ido saboda rana.

Sai wani mutum ya fito daga cikin maza, gajere mai faɗin kafaɗa, ya cire rigarsa yana naɗe ta don ya yi gammo. Daga ƙasan wuyansa har kusa da cibiya akwai tabo, fari, miƙaƙƙe. Sanatang ta san tabon nan. Ta sha wanke irinsa.

Ya durƙusa a gaban Mama, ya kira ta da laƙabin girmamawa. "Puang, ba ki gane ni ba? Sakka ne, ɗan Hajji Bunga. Gadona yana jikin na Cenning a asibiti muna yara. Ke ce kike ba ni ayaba a ɓoye."

"La ilaha illallahu. Kai ne ɗan tsamurarren nan? Kuma gida za ka ɗauka? Uwarka ta sani?"

Ya yi dariya. "Ba har ƙarshe ba, Puang. Ni na san iyakata. In na ji numfashi ya cika sai in fita wani ya shiga, abokaina har sunan tsokana suka sa min, wai Rabin Hanya. Amma ina noma, ina tuƙa kwale-kwale, 'ya'yana biyu." Ya juya yana murmushi. "Ndi Cenning, ke fa? Ina kike yawo ba a ganinki?"

Murmushin ya tsaya da idonsa ya sauka a kan ƙafafunta.

"Ciwo ba ɗaya ba ne," Mama ta ce da sauri.

"Haka ne, Puang. Nawa ma aka ce ya fi wuya." Ya sosa kai. "Ni dai duk shekara magana ɗaya suke maimaita min: kar ka zauna. Ke ba su faɗa miki ba?"

Cenning ba ta dube shi ba. Yayarta ta duba, ba da fushi ba, kallo kawai.

"Sun faɗa," ta ce.

Sanatang ta ji kamar an zare mata zani a tsakiyar kasuwa. Allah ya taimake ta Puang Massi ya daka tsawa, maza suka ruga suka shiga ƙarƙashin gorori. Ya yi bismilla, ya ɗaga sanda, aka yi kabbara da murya ɗaya, gidan ya yi ƙara ya tashi daga kan duwatsunsa. Yara suka ɗauki ihu. Gida guda da tagoginsa da rufinsa ya kama hanya yana rangaji a kan kafaɗun mutane.

Mata suka tashi za su bi. An tanadi amalanke don Nene da Cenning. Cenning ta miƙe ta wuce shi.

"Da ƙafata zan je."

"Cenning!"

"Gidan ma ya tashi yana tafiya, Mama."

Ba takalmi a ƙafarta, don a gida ba ta taɓa buƙata ba. Ta taka ƙasa da tafin ƙafa mai laushi kamar na jariri, ta yamutsa fuska, ta sake takawa. Mama ta yunƙura, sai matar liman ta riƙe ta ta ce a bar ta mana, ai ga mutane. Sanatang ta bi ta a baya, hannuwanta a buɗe, tana addu'ar da ba ta taɓa yi da gaske haka ba: Allah ka kai ta, ko don ni ka kai ta.

Da farko ta yi abin mamaki. Kanta a sama, tana kallon gidansu ta baya, ɓangaren da ba ta taɓa gani ba. Sai kafaɗunta suka fara hawa da sauka. Sai ƙafar hagu ta fara jan ƙasa. Gidan yana ƙara nisa, ihun maza yana ƙara nisa. Rimin kwanar masallaci yana nan gaba kaɗan, inuwarsa ta kusa taɓa ta, gwiwoyinta suka lanƙwashe. Ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi a tsakiyar hanya, ta dafa ƙasa da hannu biyu, bakinta a buɗe.

Mama ta iso tana kururuwa. "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? Ku duba min leɓenta!"

Leɓen bai shuɗe ba. Sanatang ta duba da kyau, ja ne kamar na kowa. Gajiya ce kawai, irin ta wanda bai taɓa tafiya ba.

Mata suka kewaye su, wannan na fifita, wannan na yayyafa ruwa.

"Wayyo, baiwar Allah. Ashe haka abin yake."

"Gaskiya Rawe kin yi ƙoƙari. Riƙe irin wannan shekara da shekaru ba wasa ba ne."

"Ai Sanatang za a yaba wa. Ita ke kai ta asibiti, ita ke saya mata komai. Samun 'yar'uwa irin wannan sai an tona."

Sanatang ta durƙusa ta rungumo ƙanwarta don kada a ga fuskarta. Cenning ta kawo bakinta kusa da kunnenta, tana magana a tsakanin haki.

"Daeng. Da na fara tun lokacin, da na kai?"

"Da kin kai," Sanatang ta ce. "Da kin wuce."

A amalanke aka ƙarasa da ita, a gefen Nene.

Da la'asar an dasa gidan a kan sababbin duwatsu, an ci an watse. Mama da Sanatang suna bayan madafa suna wanke faranti. Sanatang ta ajiye soso.

"Mama, ranar nan ƙarya na yi miki. Likita cewa ya yi ta sauka kullum. Ya ce zuciyar lafiya lau, zaman ne ke kashe ta. Ya ce in faɗa miki da sunansa. Na ƙi faɗa ne don kada zaman Nene ya dawo kaina."

Ta jira mari, ko kuka, ko tsinuwa. Da ma ɗaya daga ciki ta samu, da ta ji sauƙi. Mama ta ci gaba da cuɗa faranti.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ni na haifi yarinyar nan. Ta taɓa yi min ƙarya? Tana buɗe baki na san haka aka ce. Na tambaye ki ne don na san ke za ki ba ni abin da zan iya ɗauka." Ta ɗauraye farantin ta kife. "Ke ba ki riƙe ta tana mutuwa a hannunki ba. Gara in gan ta a zaune da in gan ta a likkafani. Kuma in ta fara yawo, ke za ki bar Sengkang, ko ni zan bar masaƙa? Miƙo min wancan."

Sanatang ta miƙa mata. Ashe ba ita kaɗai ba ce, kuma sanin hakan bai rage mata komai ba. Su uku ne lafiyayyu a gidan, kowa ya san gaskiya daidai gwargwado, kowa ya ajiye ta don tana da tsada, suka bar mai tabo a ƙirji ta biya musu da ƙafafunta. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya hana ta abinci. In aka je gaban liman ma ba a san sunan da za a kira laifin ba.

Washegari ranar kasuwa ce. Sanatang ta ɗaure zannuwa, ta tsaya tana kallon ƙullin, sai ta kwance. Ta ɗauki takalmanta ta hau sama. Saboda tsoron ruwa an ɗora gidan a kan duwatsu masu tsayi, har sai da kafinta ya ƙara wa tsanin tsawo.

Cenning tana zaune a gefen Nene tana ba ta kunun shinkafa da cokali.

"Kawo, Ndi. Yau ni zan zauna da ita, gobe ma ni, kullum ma in kina so. Ga takalmi. Ki sauka ko zuwa gindin tsani ne, ki huta, ki dawo. Mama ta yi ihunta, ni zan tare ta."

Cenning ta dubi takalman. Ta ja jiki zuwa bakin ƙofa, ta leƙa tsanin tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dawo ta ɗauki cokalinta.

"Ki tafi kasuwarki, Daeng, kar ki makara."

"Wallahi da gaske nake."

"Na san da gaske kike. Amma ke ma kin gani jiya, a gaban kowa." Ta goge wa Nene baki da gefen zani. "Mama ce ta yi gaskiya. Na yi ta tunani. Ina jin ni ce ban fahimci likitan da kyau ba."

"Kin fahimce shi! Ina wurin, na ji shi!"

Cenning ta yi mata murmushi irin wanda ake yi wa mai son faranta maka rai.

"Ba komai, Daeng. Ba sai kin faɗi haka don ni ba."